Addinin uwaye da dokar Nafata

Akwai wata muhawara da ta daɗe tana yawo a ƙasashen Turai, wadda gidajen rediyon waje da wayoyin salula suka kawo har cikin fada, inda samarin Yamai da Maraɗi ke shan shayi: shin ya dace uwaye su tarbiyyantar da ɗiyansu cikin addininsu, ko kuwa su ƙyale su sai sun girma su zaɓa da kansu? A ƙasar da ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna fiye da kashi 99 cikin 100 na mutanenta Musulmi ne, tambayar tana kama da maganar wanda rana ta buga. Jariri yana faɗowa a yi masa kiran salla a kunne, ran bakwai a yanka rago liman ya raɗa suna, kafin ya iya ɗaure wando an rataya masa allo. Ba wanda ya taɓa zama ya yanke shawarar haka, haka aka tarar. Amma tambayar da aka kora ta ƙofar gida takan dawo ta bayan danga, kuma wannan ta riga ta shiga gidaje da yawa a Tawa da Damagaram ba tare da sallama ba, sai dai da wata riga ta daban.

Masu cewa a ƙyale yaro ba jiya suka fara ba. Tun 1762 Jean-Jacques Rousseau ya fitar da littafinsa na tarbiyya mai suna Emile, inda ya nemi kada a yi wa yaro zancen addini sai ya kai samartaka, hankalinsa ya iya ɗaukar maganar. Hukumomin Faris da na Janeba suka sa aka ƙona littafin a wannan shekara. A 2006 masanin halittu ɗan Ingila, Richard Dawkins, ya sake ta da zancen da zafi. A ganinsa, kiran yaro ɗan shekara huɗu Musulmi ko Kirista daidai yake da kiransa ɗan wata jam'iyyar siyasa, tun da bai san abin da ake nufi da ko ɗaya ba. Hujjar tana da kaifi, kuma duk wanda ya ga yadda ake sanya wa jarirai hular jam'iyya lokacin yaƙin neman zaɓe zai gane abin da mutumin yake faɗi.

Inda hujjar ta yi tuntuɓe shi ne zaton cewa akwai gidan da ba ya koyar da komi. Babu irin wannan gida a duniya. Yaron da ya tashi bai taɓa ganin uwarsa ta yi alwala ba, bai taɓa jin ubansa ya ambaci Allah ba, shi ma an koya masa darasi, kuma darasin shi ne addini abu ne da ake iya rayuwa ba tare da shi ba. Wannan ma matsayi ne, ba fili ne fetal ba. Ba a taɓa jin uban da ya ƙi yi wa ɗansa Hausa ko Zabarmanci don gudun kada ya tauye masa ƴancin zaɓen harshe ba. Wanda aka yi wa haka ba zai tashi da harsuna goma yana zaɓe ba, bebe zai tashi. Kuma wanda ya iya harshen uwarsa da kyau shi ne ke saurin koyon na wasu. Haka addini yake: mutumin da ya san nasa ciki da waje shi ke da ma'aunin da zai auna wani, har ma ya auna nasan.

Ban da haka, zuciyar yaro ba rumbu ba ce da za a liƙe a ce sai kaka. In uwaye suka janye hannu, wani zai sa nasa: titi, waya, ko mai wa'azin da ba a san malaminsa ba. Mutanen jahar Difa, waɗanda suka ga harin Boko Haram a Boso da Difa ran 6 ga Fabrairu 2015 da abin da ya biyo baya, ba su bukatar a yi masu dogon bayani kan abin da ke samun saurayin da ke da zafin addini ba shi da ilminsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma in mai gona bai tanƙwara ba, iska za ta yi.

Sai babbar tambayar da masu wannan ra'ayi ba su cika son amsawa ba. In an karɓe wannan haƙƙi daga hannun uwaye, hannun wa za a danƙa shi? Amsa ɗaya ce, hukuma. Tarihi kuwa ya nuna abin da hukuma ke yi da ɗiyan mutane in ta sami wannan dama. A watan Yuni 1858, a birnin Bolonya na Italiya, wanda a lokacin yake ƙarƙashin mulkin Paparoma, ƴan sanda suka shiga gidan wasu Yahudawa suka ɗauke yaronsu ɗan shekara 6, Edgardo Mortara, saboda wata ƴar aikin gidan ta ce ta yi masa baftisma a ɓoye sa'ad da yake ciwo yana jariri. Duniya ta yi ca, Paparoma Pius na 9 ya ƙi maido shi. Yaron ya girma ya zama limamin Katolika, ya mutu a Beljiyam a 1940. A Kanada, yara kusan 150,000 na mutanen asalin ƙasar aka raba da uwayensu aka zuba a makarantun kwana da gwamnati ke biya majami'u ke gudanarwa, don a kankare masu harshe da addinin kakanni. Sai a watan Yuli 2022 Paparoma Faransis ya taka har can ya nemi gafara. A Albaniya kuwa gwamnatin kwaminis ta Enver Hoxha ta rufe masallatai da majami'u duka a 1967, ta rubuta rashin addini cikin tsarin mulkin 1976. Ɗaya ya yi da sunan addini, ɗaya da sunan wayewa, ɗaya da sunan kimiyya, amma kukan uwayen iri ɗaya ne.

Ƴan Nijar ma suna da nasu tabon. Dattawa ba su manta da zamanin da gardi ke shiga gari yana rubuta yaran da za a kai lakwal ba, da yadda wasu masu sarauta suka riƙa ɓoye ɗiyansu suna miƙa na barorinsu, don tsoron kada Annasara ya canza masu addini. An yi hasarar ilmi mai yawa saboda wannan tsoro, har yanzu ana biyan bashinsa, amma tsoron ba na banza ba ne ga mutanen da aka ci da yaƙi. Abin lura shi ne ko Faransar da ke alfahari da raba addini da gwamnati ba ta kai inda Dawkins yake so ba. Dokar Jules Ferry ta 28 ga Maris 1882, wadda ta fitar da darasin addini daga lakwal ɗin gwamnati, ita ce kuma ta ware yini guda a mako, ban da Lahadi, don uwaye su kai ɗiyansu koyon addini a waje.

Dokokin duniya sun bi wannan hanya. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1966 kan haƙƙoƙin ɗan ƙasa da na siyasa, wadda Nijar ta shiga a 1986, ta ɗora wa gwamnatoci, a ayarta ta 18, mutunta ƴancin uwaye na ba ɗiyansu tarbiyyar addini daidai da imaninsu. Tsarin mulkin Nijar na 2010, wanda sojoji suka dakatar bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, ya kira tarbiyyar ɗiya haƙƙi kuma wajibi a kan uwaye. Har zuwa nan babu gardama: uwaye su tarbiyyantar da ɗiyansu cikin addininsu, su yi shi da gaske, ba tare da jin kunyar kowa ba.

Sai dai mai tafa wa wannan magana ya dakata kaɗan, domin haƙƙin ba na masu rinjaye ba ne su kaɗai. Na Kiristan Galmi ne, inda mishan ta buɗe asibiti tun 1950. Na ƴan tsirarun Kiristocin Damagaram ne, waɗanda mishan ta iso garinsu tun 1924. Na Aznan Lugu ne a Arewa, garin Sarauniyar da ta tari rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Wanda ya yarda uba Musulmi ya kai ɗansa makarantar allo, tilas ya yarda uba Kirista ya kai nasa majami'a ran Lahadi ba tare da yaran unguwa sun bi shi da jifa ba, kuma mushe a cikin aji ba shi da ikon mai da ɗiyar Azne abin dariya. Ranakun 16 da 17 ga Janairu 2015, sa'ad da aka ƙona majami'u masu yawa a Damagaram da Yamai saboda zanen wata jarida ta Faris da Kiristocin Nijar ba su da hannu a ciki, mutum goma suka rasa rayukansu. Waɗanda suka riƙe galan ɗin man fetur a ranakun nan samari ne, kuma kowanensu daga wani gida ya fito. Tarbiyyar addinin da ba ta koya wa yaro haƙƙin maƙwabci ba, rabi aka yi aka bari.

Yanzu ga inda maganar take da nauyi. Tarbiyyantar da yaro cikin addini abu guda ne, ɗaure shi da addinin har kabari da ƙarfin doka ko na yunwa wani abu ne daban. Mutane da yawa suna haɗa biyun kamar tuwo da miya. Ƙasar Hausa kuwa ta taɓa gwada na biyun, an kuma san sunan wanda ya gwada.

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a Maratta cikin ƙasar Ƙonni ta yau a 1754, ya kuma yi karatu wurin Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas, ya sadu da Sarkin Gobir Bawa Jangwarzo a filin idi na Magami wajen 1788. Sarki ya yi wa malamai kyauta, Shehu ya ƙi karɓar dukiya, ya roƙi abubuwa biyar a madadinta. Biyu na farko su ne a bar shi ya kira mutane zuwa ga Allah a ƙasar, kuma kada a hana duk wanda ya so amsa kiran. Bawa ya yarda. Da harshen yau, abin da Shehu ya roƙa shi ne ƴancin wa'azi da ƴancin mutum ya bar abin da ya tarar ubansa yana yi. Bayan ƴan shekaru, da jama'ar Shehu ta yi yawa har fada ta tsorata, Sarkin Gobir Nafata ya sa aka yi shela a kasuwa: ba mai wa'azi sai Shehu shi kaɗai, ba mai naɗa rawani, ba mace mai lulluɓi, kuma ba mai zama Musulmi sai wanda ya gaji Musulunci daga ubansa. Wanda bai gada ba, ya koma ga abin da ya tarar uwayensa suna yi.

Mai karatu ya sake duba wannan shela da kyau. Nafata bai hana Musulunci ba, shi kansa yana salla. Abin da ya yi shi ne mai da addini gado kamar gona, kowa ya tsaya a kan iyakar ubansa. Wannan doka tana cikin manyan abubuwan da suka kai ga hijirar Shehu daga Dagel zuwa Gudu a 1804, da yaƙin da ya ci Alƙalawa a 1808, da watsewar Gobirawa har suka zo suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi a 1836. Ba zagin Gobirawa ba ne faɗin wannan. Nafata sarki ne da ya ga mulki yana zamewa daga hannunsa ya yi abin da masu mulki suka saba yi, kuma waɗanda suka ci shi da yaƙi su ma ba a ce takobinsu bai taɓa tilasta kowa ba. Amma ƙa'idar da ya kafa tana nan da ranta, ta canza masu riƙonta kawai. Duk mai cewa a yau ɗa ba shi da ikon ya saɓa wa ubansa a addini ko da ya yi gemu, to shelar Nafata yake maimaitawa, ko da a gidansa akwai hoton hubbaren Shehu.

Da dokar nan ta ci, da kashi 99 da ake alfahari da shi bai samu ba. A Arewa da wasu sassan Adar da Gobir, ba a bukatar tone asali mai nisa kafin a iske kakan da ke yanka wa iskoki baƙin bunsuru. A wurare da yawa cikin ƙarni na 20 ne Musulunci ya game ƙauyuka, ta hanyar fatake da ƴan ci-rani da suka je Kano ko Kumasi suka dawo da carbi. Kowane ɗaya daga cikinsu ɗa ne da ya bar addinin ubansa, ya ƙi cin yankan gidan, ya jure fushin dangi. Jikokinsu ne limaman yau.

Littattafan Musulunci kansu ba su goyi bayan Nafata ba. Aya ta 256 ta Suratul Baƙara, wadda ta hana tilastawa cikin addini, kowa yana jawo ta a taron siyasa, amma kaɗan ne ke faɗin dalilin saukarta. Abu Dawuda ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa kafin Musulunci, macen Madina da ɗiya ba su zama mata takan yi alwashin in ɗa ya rayu za ta ba da shi ga Yahudawa ya tashi cikin addininsu. Da aka fitar da Banu Nadir daga Madina a shekara ta 4 bayan hijira, akwai irin waɗannan ɗiya na Ansar a cikinsu, uwayensu suka ce ba za su bar su ba. A kan wannan ayar ta sauka. Wato a kan uwaye Musulmi da ɗiyansu na cikinsu aka fara hana tilas. Ta ɗaya ɓangaren, Muslim ya ruwaito labarin Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas, wanda uwarsa ta yi rantsuwar ba ta ci ba ta sha sai ya bar Musulunci. Hukuncin da ya sauka, wanda ke cikin Suratu Luƙman, ya haɗa abu biyu da mutanen yau ke ganin ba su haɗuwa: kada ɗa ya bi uwaye a abin da zuciyarsa ta ƙi na imani, kuma kada ya daina kyautata masu a zaman duniya.

Fiƙihu ma ya san bambancin yaro da babba. Ana umurtar yaro da salla tun yana shekara 7 don ya saba, amma alƙalami ba ya hawa kansa sai ya balaga. Risalar Ibn Abi Zaid, wadda kowane almajiri a ƙasar nan ya sani, an rubuta ta ne don koyar da yara tun suna ƙanana. Malaman tauhidi irin su Sanusi na Tilimsan, wanda ya rasu a 1490, sun yi doguwar muhawara kan imanin mai koyi, wato wanda ya yi imani don kawai ya ji ana faɗi, har suka wajabta wa baligi ya nemi hujja da hankalinsa. Wasu ɗalibai a ƙasar Hausa suka wuce gona da iri suka riƙa kafirta talakawan da ba su iya jero hujjoji ba, Shehu Usmanu ya yi rubuce-rubuce ya tsawata masu. Amma ba ɗaya daga cikin ɓangarorin biyu da ya ce takardar haihuwa ta wadatar.

A gaskiya saɓanin da ya fi girgiza gidajen Nijar ba tsakanin Musulunci da Kiristanci ya faru ba, cikin Musulunci ne. Ƙungiyar Izala, wadda Malam Isma'ila Idris ya kafa a Jos a 1978 da goyon bayan Shehu Abubakar Gumi, ta tsallako iyaka ta yi sheƙa a Maraɗi cikin shekarun 1980, ta kuma sami damar fitowa fili bayan babban taron ƙasa na 1991 ya buɗe ƙofar ƙungiyoyi. Abin da ya biyo baya duk wanda ya kai shekara 40 ya gan shi da idonsa. Ɗa ya daina durƙusa wa ubansa, ya ƙi bin limamin unguwa salla, ya ƙi zuwa sadakar bakwai da ta arba'in, ya ce mauludi da wazifa bidi'a ne. Uba ɗan Tijjaniyya ya ce wannan yaro ya fita daga addinin uwayensa, ya kore shi daga gida, wani ma ya raba ɗiyarsa da mijinta. An yi shekaru ana gaba, an raba masallatai. Yau waɗannan samarin sun yi furfura, suna da makarantunsu da masallatan Juma'arsu, kuma cikin ɗiyansu akwai wanda ya koma zawiyya, akwai wanda ya bi wani malamin da ya samu a waya, akwai wadda ta tafi jami'a ta dawo da tambayoyin da babanta ba ya so. Ƴancin da suka ƙwata daga uwayensu da hujjar cewa gaskiya ta fi gado, yanzu ana neman sa a hannunsu da hujjar nan tasu. Gidajen da suka fita lafiya daga wancan rikici su ne waɗanda uba ya yi fushi amma bai rufe ƙofa ba, ɗa kuma ya saɓa amma bai daina kawo cefane ba.

In ana son ganin dokar Nafata da rigar alƙalin zamani, a duba Sudan. A watan Mayu 2014 wata kotu a Hartum ta yanke wa Maryam Yahya Ibrahim hukuncin kisa saboda ridda, da bulala 100 saboda ba a amince da aurenta da Kirista ba. Matar ta ce uwarta Kirista ce ƴar asalin Habasha, ita ta rene ta cikin addininta bayan uban, wanda Musulmi ne, ya tafi ya bar su tana ƙarama. Kotu ta ce addinin uba shi ne nata, ko ta taɓa yin sa ko ba ta taɓa ba. A kurkuku ta haihu. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin a watan Yuni, Sudan kuma ta shafe laifin ridda daga dokokinta a watan Yuli 2020. Abin mamaki a wannan shari'a shi ne ita Maryam tarbiyyar gidansu ta bi sau da ƙafa. Doka ce ta zaɓa mata uban da ba ya nan ta fifita shi a kan uwar da ta yi wahala.

Ba a ɓoye cewa littattafan fiƙihu, har da na Malikiyya, suna da hukunci mai tsanani a kan ridda, kuma malaman wannan zamani sun saɓa a kan yadda za a fahimce shi. Amma dokar hukunta laifuka ta Nijar ba ta san wani laifi mai wannan suna ba, kuma ko a cikin littattafan, zartar da hukunci aikin hukuma ne, ba a ba uba ko wa ko ƙanen uba wuƙa ba. Abin da ake yi a aikace shi ne hukuncin yunwa: a janye kuɗin karatu, a ƙwace gona, a hana mace ganin ɗiyanta. Batun gado ya fi wuya, domin fiƙihu ya hana gado tsakanin masu addini daban. Duk da haka fiƙihun nan bai hana uba ya yi wa ɗansa kyauta yana da rai ba, bai kuma hana wasiyya har zuwa sulusin dukiya ga wanda ba magaji ba. Uban da ya bar ɗansa hannu wofi ya ce shari'a ce ta sa, shari'a ta bar masa ƙofa biyu a buɗe, shi ne ya ƙi bi.

Akwai kuma iyakar da ba ta jiran balaga, ita ce jikin yaro. Lokacin da jahar Kano ta dakatar da rigakafin shan inna daga 2003 zuwa watan Yuli 2004 bisa jita-jitar da aka lulluɓe da addini, cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama har Indonisiya, kuma ba manyan da suka yi gardamar ba ne ke jan gindi a tashoshin mota yau. A watan Satumba 2019 ƴan sanda suka fitar da mutum fiye da 300, da yara a cikinsu, wasu da mari a ƙafa, daga wani gida a Rigasa ta Kaduna da ake kira makarantar gyaran hali. Uwaye ne suka kai da yawansu da hannunsu. Haƙƙin tarbiyya bai haɗa da gurgunta yaro, ko ɗaure shi, ko hana shi koyon karatu da rubutu ba.

Yarjejeniyar haƙƙin yara ta 20 ga Nuwamba 1989, wadda Nijar ta amince da ita a 1990 zamanin Janar Ali Saibu, ta yi ƙoƙarin riƙe igiyar ta bakin biyu. Ayarta ta 14 ta ba yaro ƴancin tunani da addini, ta kuma ba uwaye haƙƙin yi masa jagora gwargwadon yadda hankalinsa ke girma. Wannan gwargwado shi ne zuciyar maganar, domin ikon uba a kan ɗan shekara 5 ba shi ne ikonsa a kan ɗan shekara 17 ba. Maƙwabciya Aljeriya ta haɗa amincewarta da bayanin cewa a wurinta yaro addinin ubansa yake bi. Jamus kuwa tun 1921 ta sa lambobi a dokarta: daga shekara 12 ba a canza wa yaro addinin da ya tashi a ciki ba da yardarsa ba, daga 14 shi ke yanke wa kansa. Ba lalle Nijar ta kwafi waɗannan lambobi ba, ko da yake 14 ɗin Jamusawa ba ta yi nisa da shekarun balagar da malamai ke lissafawa ba.

Abin da Nijar ke da shi a wannan fage shi ne shiru. Tun dokar tsarin shari'a ta 1962 aka bar aure da saki da riƙon ɗiya da gado a hannun al'adar masu ƙara, alƙali yana zaune da masu ba shi shawara kan al'ada. Kundin dokar iyali da aka shirya a 1993 an ajiye shi a 1994 bayan ƙungiyoyin addini sun tashi tsaye, wani yunƙurin kuma ya sake faɗuwa a 2011. Saboda haka in aure ya mutu tsakanin masu addini biyu, ko uba ya canza addini ya ce sai yaran sun bi shi, ko budurwa ƴar shekara 19 ta tsinci kayanta a ƙofar gida, abin da za a yi ya danganta ga wane alƙali aka samu da wace al'ada aka kira. Masu rubuta dokokin ƙasa na gaba, ko su wane ne, ba sai sun ta da rigimar kundin iyali gaba ɗaya ba kafin su rubuta layi uku: hukuma ba ta karɓe yaro daga uwayensa saboda addininsu, alƙali ya saurari yaron da ya yi wayo kafin ya yanke inda zai zauna, kuma ciyar da ɗa da biyan karatunsa ba su faɗuwa daga wuyan uba don ɗan ya canza masallaci ko ya bar shi.